Mabuɗin Shagon Baba

"Mabuɗi, zo ki buɗe wa mutane."

Tana jin muryar babanta ta ajiye tsintsiya, ta goge hannu a zani, ta fito bakin shago. Kanikawan garejin tsallaken titi ne zaune a kan benci, hannuwa baƙi ƙirin da mai, kowa da kwalbar lemo mai raɓa a gabansa. Ta ɗauki ta farko, ta karkata kai, ta saƙala marfin a gefen bakinta na dama, ta danna. Fas. Ta tofa marfin cikin gwangwanin da ke ƙarƙashin benci, ta goge bakin kwalbar da gefen mayafinta, ta miƙa wa mai ita. Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Wani daga cikinsu ya ɗaga waya yana ɗaukarta, wai zai nuna wa ƙaninsa da ya ƙi yarda.

"Kun gani ko?" in ji babanta daga bayan teburin shago, bakinsa har kunne. "Ƙarfe ne a bakin yarinyar nan. Ni ban taɓa sayen mabuɗi ya kwana biyu bai ɓata ba. Wannan kuwa ina za ta ɓata?"

Aka yi dariya. Ita ma ta yi, don an saba ta yi, sannan ta koma ciki ta ɗauki tsintsiyarta. Sai da ta tabbatar babu mai ganinta ta sa harshe ta taɓa turmin haƙorin da ke can ƙuryar baki, wanda ya fara yi mata tsami duk sanda ta sha ruwan sanyi.

Shekarunta ba su wuce goma sha huɗu ba. Mabuɗi kowa ke ce mata, a layi da makaranta, har uwar da ta haife ta. Shagunan lemo sun yi yawa a titin nan, lemon iri ɗaya, sanyin ma iri ɗaya in an kawo wuta, amma shagon babanta Mai Lemo ne kaɗai yake da yarinya mai buɗe kwalba da haƙori. Saboda haka masu babur sukan wuce shago biyu su tsaya a nasa, wani ma ya sayi kwalba ta biyu ba don ƙishirwa ba, don kawai ya sake gani.

Mai Lemo kuwa a idon layin mutumin kirki ne. Yana gaisuwa, yana zuwa dubiya, yana ba yara ƙanƙara kyauta in rana ta yi zafi. Ni abin da ya fi ɓata mini rai a lamarin ke nan. Da mugu ne mai duka da zagi, da tuni wani ya tare shi ya gaya masa gaskiya. Amma wa zai tsawata wa mutumin da ke dariya, 'yarsa ma tana dariya?

Gidan kuma yana da hujjar da ya riƙe. Tun tana ƙarama da ta fara wannan wasa, wani haƙori ya taɓa karyewa a bakinta. Aka yi kuka, aka kurkure da ruwan gishiri, bayan 'yan watanni sai ga sabo ya fito a gurbinsa, fari tas, ya fi na da girma. Babu wanda ya tsaya ya tuna cewa lokacin famfararta ne. Tun daga ranar aka yanke a gidan cewa haƙoran Mabuɗi tsirowa suke yi kamar farce. Ita ma da wannan ta girma.

Ana tsakiyar zango aka aiko wata malamar lafiya makarantarsu, doguwar mata mai tabarau, wadda ke zagaya makarantu tana koya wa ɗalibai kula da baki. Ta shigo ajinsu ɗauke da wani ƙaton baki na roba, haƙoransa kamar na jaki, da buroshi mai tsawon kamu guda. Kafin ta ce uffan aji ya kece da dariya.

"Malama, wannan na kakana ne, tun jiya muke nemansa," in ji wani ɗalibi daga baya.

"To ka gaya masa ya zo ya karɓa, amma sai ya koyi wanke shi," ta ce. Ta bar su suka gama dariyarsu, sannan ta fara.

Ta nuna musu yadda ake ɗora buroshi a inda haƙori ya haɗu da dasashi, a riƙa zagayawa a hankali, ba a riƙa dirza kamar ana wankin tukunya ba. Da safe, da kuma kafin a kwanta. A goge harshe. In an sha zaƙi a kurkure baki da ruwa. Kada mutum biyu su haɗa buroshi ɗaya ko da ciki ɗaya suka fito. Mabuɗi na zaune kusa da taga tana bin hannun malamar da ido, abin yana ba ta sha'awa. Can sai malamar ta ɗaga bakin robar sama.

"Ku ji wannan da kyau. Haƙori na cin abinci ne. Ba almakashi ba ne, ba guduma ba ne, ba kuma mabuɗin kwalba ba ne."

Aji ya ɗauki sowa, kowa ya juyo yana kallon wurin taga. Malamar baƙuwa ce, ba ta san abin da ta taɓa ba, sai ta tsaya tana dubansu.

"Malama, ga Mabuɗi nan," wata ta ce. "A kawo kwalba ki ga aiki."

Mabuɗi ba ta yi dariya ba wannan karon. Ta ɗaga hannu, sai da hayaniya ta lafa ta yi magana.

"Malama, in ya karye, wata nawa yake yi kafin wani ya fito?"

Malamar ta cire tabarau. "Sau biyu ake ba mutum haƙora, 'yata. Na yarinta, da waɗannan da ke bakinki yanzu. In ɗaya daga cikin waɗannan ya tafi, ya tafi ke nan."

"Nawa yana fitowa," in ji Mabuɗi, murya ƙasa-ƙasa. "Ya taɓa fitowa."

"Kina aji nawa a lokacin?"

Ta faɗa mata.

"Wancan na yarinta ne. Ko bai karye ba, faɗuwa zai yi da kansa."

Da aka tashi, malamar ta raba wa kowa buroshi da ɗan ƙaramin man goge baki, ta kuma tsayar da Mabuɗi. Ta zaunar da ita a kujerar malami, ta haska mata baki da tocila, ta sa wani ɗan madubi mai doguwar ƙafa tana leƙa ciki. Ta daɗe tana dubawa.

"Turamenki biyu na dama sun tsage," ta ce daga ƙarshe. "Ɗaya tsagar ta yi nisa. Na kusa da su ma bakinsu duk ya cinye. In kika daina yau, likita zai iya ceto su. In kika ci gaba, cire su za a yi. Kin gane?"

Mabuɗi ta gyaɗa kai. A hanyar gida harshenta bai bar gefen daman nan ba, tana taɓa su ɗaya-ɗaya kamar yau ta fara sanin suna nan. Tsoro ne ya kama ta sosai, irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Ta tarar da Umma a tsakar gida tana yanka albasa.

"Umma, ashe ba ya fitowa."

"Me?"

Ta zauna a kan turmi ta kwashe duk abin da malamar ta ce ta gaya mata. Umma ta saurara, wuƙarta ba ta tsaya ba.

"Ni ma da haƙori nake tsinke zare tun ina budurwa," ta ce. "Ga su nan."

"Zare ai ba ƙarfe ba ne, Umma."

"To me kike so in yi? Kin san halin babanki in ciniki ya ja baya, gidan nan ba ya zaunuwa. Da shagon nan muke ci. Da shi kike zuwa makarantar da ake gaya miki wannan maganar." Ta share ido da bayan hannu, ko albasa ce ko ba ita ba. "Ki riƙa yi a hankali."

Yadda ake ɓalle marfin ƙarfe da haƙori a hankali, Umma ba ta faɗa ba.

Da yamma ta gwada babanta. Ya kira ta, ga baƙo a kan benci, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baba, malamar lafiya ta ce in daina. Ta ce in sun karye ba sa dawowa."

"Wancan da ya karye bai dawo ba?"

"Ta ce na yarinta ne."

Ya yi dariya, ya juya wajen baƙon. "Ka ji fa. Ga haƙori a bakinta ina ganinsa da idona, wata kuma ta zo da bakin roba ta ce ƙarya idona yake yi." Ya turo kwalbar gefen tebur. Fuskarsa na murmushi, amma idon ya daina. "Mutum yana jira."

Ta buɗe.

Buroshin nan dai ba ta taɓa sa shi a bakinta ba. Ta juya shi a hannu, ta dubi ƙanwarta Auta, wadda sababbin haƙoranta suka fito manya-manya har suka yi wa fuskarta yawa, sai ta miƙa mata.

"Riƙe. Ke naki sababbi ne."

Kullum da safe kafin su tafi makaranta sai ta tsugunnar da Auta a bakin makwarara, ta riƙe mata hannu tana zagayawa da shi yadda ta ga malamar ta yi. Ita kuma ta goge nata da asuwaki, ta gefen hagu, don na dama ba ya son taɓi.

"Waɗannan su ne na ƙarshe," takan ce mata. "Ba a ba da na uku."

"Yaya, ni ma in na girma zan iya buɗe kwalba?" Auta ta tambaya wata safiya, kumfa har haɓa.

"Ranar da na gan ki da kwalba a baki, ni da ke ne."

Malamar lafiya ba ta bar maganar a aji ba. Wata rana da la'asar sai ga ta a bakin shago, jaka a kafaɗa. Mai Lemo ya tashi da sauri, ya kaɗe mata benci, aka gaisa gaisuwa mai tsawo. Ta yi masa bayani tiryan-tiryan, ba faɗa ba gori. Ta gaya masa abin da ta gani a bakin yarinyar, ta ce a kai ta asibiti tun da sauran dama. Sannan ta buɗe jaka ta fito da sabon mabuɗin kwalba, ta ɗaura masa jan zare don a rataye shi kada ya ɓata.

"Allah sarki, Malama, har da wahala," ya ce, ya karɓa da hannu biyu. "Mun gode. Ai wallahi ba tilasta ta nake yi ba. Yarinyar ce ke so. Baiwa ce Allah Ya ba ta, ni wane ne da zan hana? Ki tambayi kowa a layin nan in ya taɓa ganin na ɗaga mata hannu."

"Ban ce kana dukanta ba, Malam. Na ce haƙoranta sun tsage."

"To ai lemo take sha da yawa. 'Yar mai lemo ce. Zan sa ido a kan wannan."

"Ba lemo ne ya tsaga su ba."

"Haka ne, haka ne. Ku kuka yi karatun." Ya buɗe firji ya ɗauko kwalba mai sanyi. "Ba za ki tafi ba ki jiƙa maƙoshi ba. Mabuɗi, zo ki buɗe wa Malama."

Bakinsa ne ya riga shi, don ya saba. Mabuɗi ta fito, hannunta har ya kai kan kwalbar, sai malamar ta riga ta ɗauka. Ta karɓi mabuɗin mai jan zare daga hannunsa, ta buɗe, ta ajiye kwalbar a kan tebur ba ta sha ba.

"Ka ga, shi ma yana buɗewa," ta ce. Ta yi sallama ta tafi.

Sai da ta sha kwana ya jawo aljihun tebur. Mabuɗi na tsaye, ta ga abin da ta daɗe da sani: mabuɗai ne a ciki rututu, waɗanda masu kawo lemo ke bayarwa kyauta, wasu ko ledarsu ba a cire ba. Ya jefa na malamar a kansu ya tura aljihun.

"Ƙarata kika kai makaranta ko?" ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Ni na zama abin nunawa. Na ci da ke, na sha da ke, ɗan abin da za ki taimaka wa gidanku da shi ya zama magana. To ya yi."

Kwana da kwanaki bai amsa gaisuwarta ba. Umma ta bi ta da magiya, ta ce ta je ta ba shi haƙuri gidan ya zauna lafiya. Ta je ta durƙusa ta ba shi haƙuri.

Bayan haka abin bai ɗauki lokaci ba. Wata rana tana danna marfi ta ji wani ƙas a cikin kanta, zafi ya harba mata har ido. Ta tofa marfin da jini a jikinsa. Mai kwalbar ya ce a canza masa wata. Babanta ya canza masa, ya dube ta tana dafe da kunci.

"To ba ga ɗaya gefen ba?" ya ce.

Ta koma buɗewa da hagu. Gefen daman kuwa ya hana ta sakat. Ruwan sanyi ba ya shiga, na zafi ba ya shiga, abinci sai ta jiƙa shi ya yi laushi ta haɗiye. Umma ta daka kanumfari ta cusa mata, ta dafa ruwan gishiri safe da yamma. A aji takan kifa kai a kan tebur, malami ya ce barci take yi. Wadda suke zama tare ta ja jakarta ta koma wani benci, Mabuɗi kuwa ta san warin bakinta ne. Ta fara magana da mayafi a baki, daga baya ta daina maganar.

Da aka ambaci asibiti, Mai Lemo ya ce a bari ciniki ya ɗan motsa. Mai gareji, wanda ya fi kowa zama a bencin nan, shi ya kawo shawara.

"Tsutsa ce," ya ce. "Ɗigo ɗaya na ruwan batir a auduga, ta mutu. Yarana duk haka nake yi musu."

A nan bakin shago aka yi, da rana tsaka. Babanta ya riƙe mata kai, mai gareji ya tura audugar da tsinke. Ihun da ta yi sai da mai ɗinkin da ke maƙwabtaka ya tsayar da kekensa. Dasashinta ya ƙone ya yi fari, amma bayan kwana biyu zogin ya yi shiru, kuma Mai Lemo ya samu abin faɗa.

"Ina masu asibiti? Ga shi ɗigo ɗaya ya gama aiki."

Shirun bai daɗe ba. Kuncin ya fara tashi, ya kumbura har ya tura idon dama ya rufe. Zazzaɓi ya rufe ta. Bakin ya ƙi buɗuwa sai ɗan abin da cokali zai shiga. Ta daina zuwa makaranta, ta kwanta a ɗakin da ke bayan shago, inda bango ɗaya ne tsakaninta da firji, tana jin masu babur suna tambaya, "Yau ina Mabuɗi?" Babanta yana cewa sanyi ne ya ɗan taɓa ta. Auta takan zauna a gefenta tana yi mata fifita da murfin kwali. Ko a haka, da safe sai Mabuɗi ta ɗaga yatsa ta nuna mata buroshi.

Malamar lafiya ce ta sake zagayowa makarantar, ta tambaye ta, aka ce ta kwana biyu ba ta zuwa. Ba ta bi ta shago ba wannan karon, ta ƙofar gida ta shiga. Da ta ga fuskar yarinyar ba ta nemi izinin kowa ba, ta ce wa Umma ta ɗauko mayafi. Mai Lemo ya rufe shago ya biyo su a baya yana cewa dama yau ya yi niyya.

Likitan haƙori ya tsaga kumburin ya matse mugunya, aka kwantar da ita ana yi mata allurai. Da kumburin ya sauka ya cire haƙora uku a dama. Ya kira uban zuwa ofishinsa, Mabuɗi na zaune a gefe da auduga cike da baki, ya nuna masa su a cikin ɗan faranti.

"Wa ya sa mata ruwan batir?"

"Wallahi likita, taimako aka yi niyya."

"Da kun ƙara kwana biyu da ba maganar haƙori muke yi ba yanzu. Na hagu ma biyu sun fara tsagewa. Su kaɗai suka rage mata na tauna. Kwalba ɗaya tana iya ƙarasa su."

Mai Lemo ya sunkuyar da kai. Ya ce ƙaddara ce, ya ce shi bai sani ba, ya ce da an yi masa bayani tun farko da ba a kai nan ba. Malamar na tsaye a bakin ƙofa tana jin sa. Sannan ya dafa ƙirji ya ce, "Na yi maka alkawari, likita. Bakina ba zai ƙara kiran yarinyar nan ta buɗe kwalba ba."

Kuma ya cika alkawarinsa. Ta dawo gida kuncin dama ya lotsa, fuskar ta karkace kaɗan kamar ta wata tsohuwa, bai kira ta ba ko sau ɗaya. Ya fito da mabuɗin nan mai jan zare ya rataye a ƙusa. Har madara ya saya mata. Masu babur suka zo suka yi mata sannu, suka sha lemo aka buɗe musu da mabuɗi, sannan a hankali suka fara tsayawa a shagon da ya fi kusa da su. Bencin ya koma wurin kwanan kyanwa. Mai Lemo ya daina dariya, ya fara faɗa a kan gishirin miya da ƙarar tsintsiya. Umma ta koma tafiya a gidan kamar mai tsoron tada mai barci.

Wata la'asar Mabuɗi na kwance sai ta ji hayaniya a bakin shago, irin wadda ta kwana biyu ba ta ji ba. Dariya, da tafi, da muryar mai gareji. Ta kasa kunne tana jiran ƙarar mabuɗi, ba ta ji ba. Muryar babanta ta ji.

"Ba ta gaba ba, ta gefe. Yawwa. Saƙala shi, sai ki danna ƙasa. Kada ki ji tsoro, jini ɗaya ne da yayarki."

Ta tashi. A bakin ƙofar da ke shiga shago ta tarar da Umma tsaye, ta riƙe labule.

"Wasa ne kawai suke yi," Umma ta ce, ba ta dube ta ba.

Auta ce tsaye a kan akwatin kwalabe don kowa ya gan ta. Hannu biyu ta riƙe kwalbar, marfin yana cikin bakinta, idonta ya kawo ruwa, tana dannawa yana zamewa. Kanikawa na kan benci, kwalabe uku a jere suna jira. Waya a sama.

Babu wanda ya ga laifi a wurin nan. Mai gareji lemo ya zo sha. Mai waya abin dariya yake nema. Umma zaman lafiya take so. Uban kuwa alkawarin da ya ɗauka a kan babbar ne, ba a ce masa komai a kan ƙaramar ba. Kowa da hujjarsa a hannu, mai kyau, wadda zai iya faɗa a gaban mutane, ga kuma yarinya a kan akwati da ƙarfe tsakanin haƙoran da aka yi wata da watanni ana gogewa a bakin makwarara.

Mabuɗi ta ratsa su ta zare kwalbar daga bakin ƙanwarta. Ta dubi mabuɗin da ke rataye a ƙusa, jan zarensa na lilo, hannu ɗaya za ta miƙa ta ɗauko shi. Amma ta san in ta buɗe da shi yau, gobe tana makaranta za a sake ɗora Auta a kan akwati.

"Baba, ka bar ta," ta ce. Maganar na fita da iska ta gefen da babu haƙora. "Ni zan riƙa yi."

Mai Lemo ya ɗaga hannuwa biyu sama, ya juya wajen benci.

"Ku shaida, ban kira ta ba. Da ƙafarta ta zo. Na gaya muku abin a jininta yake."

Ta karkata kai, ta saƙala marfin a hagu, ta rufe ido ta danna. Fas. Aka tafa. Ta tofa marfin cikin gwangwani. Akwai wani ɗan abu mai kaifi da ya rage a kan harshenta, wanda ba marfi ba ne. Auta na kallon bakinta, don haka ba ta tofa shi ba, ta haɗiye.

"Sauka," ta ce wa ƙanwarta. "Je ki kurkure bakinki, kin sa ƙarfe a ciki."

Auta ta sauka ta shige gida. Mabuɗi ta goge bakin kwalbar da gefen mayafinta ta miƙa wa mai gareji. Babanta ya turo mata ta biyu.